Kowa Ya Ce wa Alhaji Gobe

Jaridarmu falle ɗaya ce, gaba da baya, sunanta Amon Gulbi. Akawunan Birnin Kebbi suna kiranta takardar ƙunshin ƙosai, amma kullum da azahar sai sun aiko an karɓo musu. Baba Gbadebo ne ya kafa ta. Ɗan kasuwa ne daga Kudu, ya shekara ashirin da biyu a garinmu yana sayar da littattafai da tawada, har Hausarsa ta koma irin tamu. Injinsa na hannu ne, baƙin ƙarfe, an dasa shi da siminti a tsakiyar shago. Kefas, mutumin Filato, shi ke juya shi. Ni nake rubuta labarai, ni kuma nake jera haruffa.

Sunana Riskuwa. Na gama makarantar horon malamai mata a Sakkwato, na koyar shekara guda, na ajiye alli ranar da aka ce in ƙara wa 'yar wani babba maki. An ce ba za a sake ɗaukata aiki ko'ina ba. Baba Gbadebo ya ɗauke ni a makon, don ya ga ina karanta haruffan dalmar nan a juye ba tare da na yi tuntuɓe ba.

Ba labarin Ikko ko na Kaduna ne ya riƙe jaridar ba. Layi uku ne a ƙasan shafin baya, inda muke faɗin tashin ruwa. A Argungu akwai wani tsohon masunci, Ummaru, wanda ya kafa gora a mashaya. Bai iya rubutu ba. Kowace safiya sai ya yanki kara daidai tsawon abin da ruwa ya ƙaru a kan na jiya. Idan raguwa ya yi, sai ya ƙona bakin karan. Tamba direba ya soke shi a bayan madubin motarsa ya kawo mini da hantsi. Ni kuma in auna, in haɗa da na kwanakin baya, in rubuta ranar da ruwan zai iso fadamar Ambursa da ƙauyukan da ke ƙasa da mu. Da la'asar Tamba ya koma da jaridar yana sauke ta a hanya. A kowane ƙauye mutum ɗaya ke karantawa, talatin suna saurare. Da layukan nan uku suke sanin ranar ɗaga datsiya da ranar kwashe iri da dabbobi zuwa tudu.

A daminar 1960 Baba Gbadebo ya ce zai koma gida, idonsa ya gaji. Ya sayar da inji da suna ga Alhaji Abdussamadu, mai sayen shinkafa da gyaɗa, wanda ke da gida a Argungu da wani a nan, kuma yake jin ƙasar da za a ba mu a watan Oktoba shi za a danƙa wa. Alhaji bai taɓa karanta Amon Gulbi ba. Ya dai lura cewa in an buga sunan mutum, ana faɗinsa a ƙauyuka goma sha biyu kafin magariba.

Masu ilimin zamani na garinmu suka tashi da ƙarfinsu. Suka kafa Kwamitin Ceton Amon Gulbi a ƙarƙashin Malam Usmanu, wani akawu mai tabarau marar magani. Ni da nake rubuta jaridar, kujera suka ajiye mini a bakin ƙofa don in ɗauki bayanin taro. Zaman farko ya ƙare a kan wa zai zama mataimakin shugaba. Zama na biyu, a kan ko da Turanci za a rubuta takardar koke ko da Hausa, aka tashi a kan cewa Turanci ya fi kwarjini, duk da Alhaji ba ya jin ko kalma ɗaya. Kafin zama na uku Alhaji ya aiko da rago da huhun goro, ya kuma naɗa Malam Usmanu mai ba jarida shawara. Bayanin taron ranar layi ɗaya na rubuta: an ci, an yi addu'a, an watse.

Ranar da Alhaji ya fara shigowa shago, ya tarar ina auna karan Ummaru. Ya tambayi Kefas mene ne wannan, ko da yake ni ke riƙe da shi. Da aka yi masa bayani sai ya ce jaridarsa ba za ta ɗauki sunan masunci ba, balle a ce da guntun kara ake mata labari kamar wasan yara. Ya nuna tarin tsofaffin jaridun da ke kan kanta, ya ce a duba na bara a kwafe.

Na ce masa ruwan bara ya wuce tun bara.

Sai a lokacin ya dube ni. “Ke ɗiyar ga, gulbi ba gulbi ba ne? Abin da yay yi bara shi za shi yi bana. Ko boko ya koya miki wani gulbi daban?”

“Ranka ya daɗe, boko ya koya mini kada in rubuta abin da ban auna ba.”

Ya ce to in je in auna hanyar gidanmu. Mutanen da suka rako shi suka yi dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ake yi wa mai ciyarwa. Na wanke hannuna da kananzir, na ɗauki rulata da littafin awon shekara huɗu, don nawa ne, ni na rubuta shi. Kefas ya sunkuyar da kai. 'Ya'yansa huɗu, ban ga laifinsa ba. Shi ya jera lambobin bara.

Washegari Tamba ya tsayar da mota a ƙofar gidan mahaifina ya miƙo mini kara. Ya ce Ummaru bai san wani Alhaji ba, shi dai an ce ya riƙa aiko wa malama. Mahaifina ya bar mini zaure da tabarma, bai tambaye ni komai ba. Na yage tsofaffin littattafan makaranta, na sa takardar kabon, na fara rubuta layukan nan uku da hannu, kwafi goma sha biyu, ƙauye ɗaya takarda ɗaya. Matan unguwa suka riƙa leƙowa suna cewa ga mai jarida an koma rubutun laya. Malam Usmanu ya biyo ta ƙofar ya ba ni shawara in je in durƙusa, ya ce shi zai sa baki. Na gode masa, na tambaye shi ko ragon ya yi kitse.

Kwana tara ana haka, lambobin bara da na bana suna tafiya kusa da juna, ba wanda ya damu. A rana ta goma Tamba ya sauko da kara wanda ya fi kamu ɗaya, bakinsa ba ƙuna. Ban taɓa ganin irinsa ba. A ranar Amon Gulbi ta fito tana cewa ruwa ya ragu da yatsa biyu. Na rubuta cewa jibi da safe ruwa zai hau datsiyar Ambursa, kowa ya kwashe abin da zai iya. Na danna alƙalami har takardar ta huje.

A Ambursa mai karatu ya karanta duka biyun, jama'a suka rabu. Wasu suka ce karan Ummaru bai taɓa yaudararsu ba, suka kwana biyu suna ɗaga datsiya da jan dabbobi. Wasu kuma suka ce wannan rubutun hannu ne, na mace kuma, wadda aka kora. Wancan kuwa inji ne ya buga, inji ba shi da dalilin yin ƙarya. Shekara huɗu suna ganin abin da injin ya faɗa yana faruwa, ba su taɓa tunanin akwai hannun da ke jera masa magana ba. Ruwa ya zo a ranar da na ce. Gidaje goma sha bakwai suka rasa shinkafarsu, wani ya rasa shanun nomansa biyu.

Alhaji bai je jaje ba. Ya ce mutanen Birnin Kebbi ne ke masa zagon ƙasa, don haka zai tuge injin ya kai Argungu, ya riƙa buga jaridar mako-mako a gidansa, inda ba mai kawo masa kara. Na san in injin ya bar garin nan, Amon Gulbi ta mutu. Na jira in ji kwamiti. Kwamiti ya ce yana nazari.

Alhaji ya kira sarkin 'yan dako, wanda rabin mutanensa 'yan Ambursa ne da ke shigowa gari neman aiki. Sarkin dako ya durƙusa, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya ce an gama, gobe da hantsi za a ɗaga. Gobe ta yi, aka ce suna da bikin suna. Washegari igiyarsu ta tsinke, ana tufka wata. Maginin da zai fasa simintin ya ce kurfinsa, ƙarfen da zai yi fasawar da shi, na wurin maƙeri, maƙeri kuma ya tafi Ambursa gaisuwa. Tamba ya rantse ba abin da yake so kamar ya ɗauki kayan Alhaji, sai dai sifirin motarsa ya karye, a ba shi zuwa gobe. Da la'asar aka gan shi ya wuce da buhu arba'in. Sauran direbobin tasha kowa ya riga ya yi alkawarin lodi. Kefas ya wayi gari da ciwon kafaɗa, ya ɗaure hannu da ƙyalle, jarida ta daina fita.

Ba wanda ya ɗaga wa Alhaji murya, ba wanda ya ce masa a'a. Da mutum ɗaya ya ƙi, da ya san wanda zai kai ƙara. To wa zai kai, alhali kowa na durƙusa masa yana cewa gobe in Allah ya kai mu? Ya aiko da ƙarti takwas daga Argungu. Suka zo, suka zagaya injin sau biyu, suka ce wannan sai da dogayen azara, suka fita nema. A tasha aka gan su suna hawa mota. Uku daga cikinsu 'ya'yan 'yan'uwan Ummaru ne.

Ni ba wanda ya shawarce ni, ba kuma wanda ya ce don ni ake yi. Na tare sarkin dako a kasuwa na yi masa godiya, sai ya ɓata rai kamar na zage shi.

“Malama, godiyar mi? Wa ya ƙi aiki? Mu gobe munka ce.”

Kwana ashirin da uku aka yi haka. Ni kuma ina zaure ina rubutu. Kwafi goma sha biyu suka zama talatin, don yanzu har 'yan gari na so. Yatsana na tsakiya ya kumbura, ya fashe, na naɗe shi da tsumma na ci gaba. Da kabon ya ƙare sai na riƙa rubuta kowace takarda daban. Ban fasa ko rana ɗaya ba, har ranar da zazzaɓi ya sa na yi rubutun a kwance.

Saura kwana goma bikin samun mulkin kai, Alhaji ya tuna ya yi wa manyan gari alkawarin zai buga tsarin biki, da hotonsa a sama. Ya aiko in zo. Na ce wa ɗan aiken ina zauren mahaifina, ba na fita da rana saboda aiki. Ya sake aikowa da Malam Usmanu, wanda ya ce kwamiti ya yi nasarar shawo kan Alhaji. Na ba shi ruwa ya sha. Rana ta uku Alhaji ya zo da kansa, ya bar 'yan rakiya a waje, ya gaisa da mahaifina kamar dama zumunci ya kawo shi.

Na faɗa masa abin da nake so: inji ya tsaya inda yake, jarida ta fita kullum, sunan Ummaru ya koma wurinsa. Ya amsa waɗannan da sauri, yana kallon ƙofa. Sai na ce fitowar farko za ta faɗi cewa lambobin da aka buga na bara ne, kuma da gangan aka kwafe su.

“A ce kuskure anka yi,” in ji shi.

“Ba kuskure ba ne, ranka ya daɗe. Ina tsaye ka ba da umarni.”

“Ke ba ki da kunya?”

“Ina da ita. Shi ya sa ba zan sa sunanka ba.”

Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce amma shafin gaba nasa ne, kada in taɓa. Na ce ya riƙe.

Kafaɗar Kefas ta warke a yammacin nan. Muka share ƙurar inji, muka zuba masa mai, muka buga tsarin bikin da hoton Alhaji, wanda ya fito baƙi ƙirin ban da haƙora. Washegari Amon Gulbi ta fita. A gaba an ce Alhaji Abdussamadu ya ceci jaridar jama'a. A baya na jera sunayen magidanta goma sha bakwai na Ambursa ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowa ya rasa, da dalilin da ya sa ya rasa shi. Sunayen suka cinye wurin labarin Ikko, na cire shi. A ƙasa na sa cewa Ummaru na Argungu ya ce ruwa ya ragu da yatsa huɗu.

Tamba ya ɗaure ƙunshin a gefen kujerarsa. Na ce masa in ya isa Ambursa ya gaya wa mai karatu ya fara da baya, kuma ya karanta sunayen a hankali, kada ya tsallake kowa.