Rigar Jesina

"Ɗaga hannun mana! Ke da kike sungumar buhun dankali ke kaɗai, yau hannunki ne ya gagare ki?"

Ina tsaye a tsakar ɗakin Jesina, rigarta mai ƙyalƙyali ta maƙale mini a ƙirji, ta ƙi sauka ta ƙi fita. Ita kuwa tana kan gado an tokare ta da matasai uku, tana dariya, dariyar tana komawa tari.

Na ce, "Wannan ai ba rigar mutum ba ce, rigar tsinke ce."

"Tsinken nan ne ya cika zaure a Lusaka har mutane suka hau taga. Ke me kika taɓa cikawa, Maman Chenai? Kwandon tumatir."

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka a unguwar Highfield, shingen waya ne kawai a tsakaninmu, kuma shekara goman farko ba na shiri da ita ko kaɗan. Ni mai sayar da tumatir da ganye ce a kasuwa, ina fita tun kafin rana ta ɗaga. Ita kuwa sai hantsi take tashi, ta shafa jan baki don kawai za ta share ƙofar gida. Na ɗauke ta 'yar ƙarya. Sai da mijina ya rasu ta shigo ta wanke tukwanen sadza, tuwon masararmu, na kwana huɗu ba tare da an roƙe ta ba, sannan na fara amsa gaisuwarta da fuska a sake.

Ashe ba ƙarya take ba. Faifai goma sha bakwai ta yi a zamanin da ake juya su da allura. Ta yi waƙa da Shona, ta yi da Ndebele da Nyanja da Turanci. Ta yi a gidan giya, ta yi a coci, ta yi wasan dandamali a Bulawayo inda take mutuwa kullum da yamma har wata shida. Ta fito a fim biyu. A na farko 'yar aiki ce tana goge daɓe tana waƙa, Baturen da ya shirya fim ɗin ya yanke rabin waƙar. A na biyu mai gidan giya ce, aka harbe ta tun labari bai yi nisa ba. Duk wannan ya wuce. Abin da ya rage a bakin mutane shi ne wata waƙar tallar sabulu da ta yi wa rediyo, wadda yaran layinmu ke rerawa suna tsallen igiya a ƙofar gidanta, ba su san mai ita ce ke zaune tana kallonsu ba.

Da asibiti suka sallamo ta suka ce a je gida a ci gaba da lallaɓawa, ni ta aika aka kira.

"Sahwirata ta riga ni tafiya bara," in ji ta. "Dangi ba sa yi, kin sani. Ke za ki kwaikwaye ni."

Kowa a nan ya san aikin sahwira. Ranar da za a kai mutum makwancinsa, amininsa ne ke sa tufafinsa, ya yi tafiyarsa, ya tona halinsa mai kyau da marar kyau a gaban jama'a, kuma ba wanda ke da ikon yin fushi ko ya tashi ya bar wurin. Na sha ganin an yi wa mashaya da marowata. Ban taɓa zaton za a ɗora mini na mace irin Jesina ba, ni da ko a coci matar fasto ke roƙona in rage murya.

Sati biyu tana koya mini. In na dawo kasuwa sai in dama mata kunun masara, ta sha cokali biyu ta ture, ta ce in tashi. Yadda ake riƙe makirfo da yatsu uku, da muciya muka gwada. Yadda ake shigowa dandamali da kafaɗa ɗaya a gaba. Ta zage ni har na gaji da ramawa.

Ran nan sai ta ce, "Saura wasa ɗaya. Na tashar jirgi."

Ɗa ɗaya gare ta, Tonderai, dattijo ne a wata coci a Gweru. Yana ɗan shekara shida aka zo mata da maganar yin faifai a Johannesburg, makaɗa suna jira a cikin jirgin ƙasa. Ta kai shi tasha tare da yayarta, ta zaunar da shi a benci, ta saya masa burodi, ta ce ya jira ta za ta sayo lemo. Shekara tara ta yi kafin ta dawo.

Na ce, "A'a. Wannan da bakinki za ki faɗa masa. Kina da rai, yana da rai."

"Sau nawa na gwada? Duk Kirsimeti zai zo da sukari da man girki, ya durƙusa ya gaishe ni kamar surukarsa. Da na ce, 'Tonde, ranar nan a tasha,' sai ya ce, 'Mama, mu yi addu'a.' Ya rufe ido ya yi ta yi har direbansa ya danna oda." Ta kama hannuna, yatsunta sanyi ƙalau. "Ranar jana'izata ba zai iya tashi ba. Ina so ya gani a gaban mutane cewa na san abin da na yi. Kada ki yi mini kwalliya, Maman Chenai. Yadda na faɗa miki, haka za ki yi."

Ya zo ranar Asabar, da idona na ga abin. Mutum mai furfura a gemu, takalmi sai sheƙi. Ya zauna bakin kujera kamar mai jiran a kira lambarsa a asibiti. Ta tattaro ɗan numfashin da ya rage mata ta ce, "Tonde." Ya ce, "Mama, kada ki gajiyar da kanki, mu yi addu'a." Ina riƙe da kofin shayi, wallahi na so in watsa masa. Amma da na ga ya kasa ko duban fuskarta, sai haushin ya koma mini tausayi, ban kuma san wanda zan fi tausaya wa a cikinsu ba.

Ranar Talata da hantsi ta cika. Ina waje ina kankare tukunya, na shigo in tambaye ta ko a buɗe taga, na tarar ba sauran tambaya.

Kafin Laraba da rana Tonderai ya sauke hotunanta daga bango, na dandamali da na fim, ya kife su a bayan kabad. Takardar jana'iza da aka buga ta ce "uwa mai tsoron Allah," ba a ambaci waƙa ba ko sau ɗaya. Mutanen cocinsa suka cika gidan da fararen riguna. Da safiyar Alhamis, motar da za ta ɗauke mu zuwa maƙabarta na tsaye a layi, ya tare ni a bayan kicin.

"Mama, na ji ke ce sahwira. Don Allah a taƙaita. Baƙina ba su saba da irin wannan ba."

"Ɗana, ka taɓa ganin an yi wa sahwira awo da mudu? Je ka zauna."

Na shiga ɗakinta na sa rigar. Ta yage a baya, na ɗaura zani na rufe. Takalman sun matse ni har ƙwalla. Na lafta jan baki, na ɗauki muciya, na fito da kafaɗa ɗaya a gaba.

Matan layinmu suka tuntsire da dariya. "Jesina ta dawo! Jesina, ina tsintsiyata da kika ara tun bara?" Na ce musu mai faifai goma sha bakwai ba ta mayar da tsintsiya. Na share ƙofar gida ina karairaya. Na faɗi na mutu irin na Bulawayo, na tashi na sake mutuwa don na farkon bai yi kyau ba. Na rera waƙoƙin faifan da muryata irin ta agwagwa, tsofaffi biyu uku ne kawai suka gyaɗa kai. Da na ɗauko ta sabulu kuwa gidan duka ya amsa, har da masu fararen riguna. Na ji wata yarinya tana cewa, "Au! Wai ita ce ta yi ta?"

Tonderai na zaune kusa da akwatin gawar, idonsa a ƙasa.

Na ɗauko 'yar kujerar katako daga kicin, na ajiye ta dab da ƙafarsa. Na ciro burodi daga cikin zani na ɗora a kai. Dariya ta fara raguwa. Na durƙusa gaban kujerar da ba kowa a kai, na gyara wa iska kwalar riga.

"Tonde, zauna nan kusa da Goggo. Ci burodinka. Kada ka tashi ka ji? Lemo zan sayo maka, yanzu zan dawo."

Wata tsohuwa daga cikin dangi ta ce, "Wayyo," ta rufe baki da zani. Na miƙe na nufi ƙofar gida. Taku biyar, taku shida. A nan ne na yi abin da ba a sa ni ba. Na ga gawar aminiyata a kwance, na ga mutane sun zuba ido, na kasa barinta haka tsirara. Na tsaya, na waiwayo na dubi kujerar, na dafe ƙirji na ɓarke da kuka. Kukan ma ba na wasa ba ne.

"Ba ta waiwayo ba."

Bai ɗaga murya ba, amma har masu girki a bayan gida sun ji. Tonderai ne. Ya ɗago kai yana kallona, karo na farko tun da na fito.

"Ina kallon bayanta har ta shige cikin mutane. Ba ta waiwayo ba, Mama. Ko sau ɗaya. In za a yi, a yi shi yadda ya faru."

Fastonsu ya matso ya dafa shi, ya ce ko a yi addu'a. Tonderai ya sauke hannun daga kafaɗarsa.

Kunya ta rufe ni, don na san na ci amanar matacciya. Na goge fuska da bayan hannu, na koma gaban kujerar na sake durƙusawa. Na maimaita maganar tun daga farko. Da na kai "yanzu zan dawo," sai na ji Tonderai daga samana ya ce, a hankali, "To."

Na miƙe na juya. Na bi ta tsakiyar mutane suna janye ƙafafu, na wuce motar, na fita layi. Ba a faɗa mini inda wasan zai ƙare ba, don haka na ci gaba da tafiya, takalman suna cin dunduniyata. Na wuce shagon mai gyaran rediyo, na wuce masu gasa masara, suka bi ni da kallo. Ba na jin komai daga gidan, ba waƙa, ba kuka. Wuyana har ciwo yake don son in juya.

A bakin famfon unguwa na tsaya, na ba gidan baya. Wata mata na tara ruwa, bokitinta ya cika yana zuba a ƙasa, ita ba ta kashe famfon ba, ni kuma ban motsa ba. Ina jira a kira ni.