Ranar da Malam Ɗahiru Ya Farke Littattafan En'e

Kwana goma sha biyu kacal Uba ya yi a Doguwa wajen jinyar mahaifiyarsa, amma abin da ya tarar da ya dawo Tudun Wada sai da ya sa shi zufa har tafin ƙafa.

Uba shi ne mai kula da ɗakin karatun garin, wanda aka buɗe a shekarar 1955, lokacin da ake ta yaƙi da jahilci. Ɗaki ne na ƙasa a bakin kasuwa, da benci biyu da akwatin littattafan boko da hukumar En'e ta aiko daga Kano. Da zai tafi, ya damƙa mabuɗi ga Malam Ɗahiru, dattijon da ke karantar da manya a zaurensa, don duk garin ba wanda ya fi shi girmama takarda.

To, Uba ya buɗe akwati, me zai gani? Bangwaye zalla! An jera su tsaf, ciki ko falle ɗaya babu.

Ya ruga zauren Malam, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Allah gafarta Malam, ina littattafan?"

"Suna hannun masu karatu mana," in ji Malam Ɗahiru, hankalinsa kwance. "Na tarar an ɗinke su kamar bakin buhu. Ta yaya jama'a za su karanta abu a ɗinke? Na farke zaren, na ba kowa falle. Wanda ya iya nasa ya kawo, ya karɓi na gaba. Haka malamanmu suka yi mana."

Ai kuwa gaskiyarsa, littattafan zaure falle-falle suke a cikin gafaka, ba a ɗinke su. Amma je ka faɗa wa mutanen Birni haka! Takarda ta riga ta iso cewa gobe, ranar kasuwa, Malam Idi mai duba ɗakunan karatu zai zo, kuma in ya tarar da ɓarna za a rufe ɗakin a kai akwatin Kiru. Shekara biyu Uba yana zarya ƙofar Hakimi kafin a ba su ɗakin nan. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Ya roƙi sankira ya zaga gari da shela: duk mai fallen takardar En'e ya kawo gobe da hantsi. Ya tanadi allura da zare, a ransa yana cewa motar Kano ba ta taɓa isowa kafin azahar ba.

Ranar kuwa sai ta zo da hantsi. Malam Idi ya sauko, dogo, fuska ba fara'a, ya tarar da ƙofar ɗakin cike da manoma da mahauta da maƙera, kowa da takarda a hannu. Ya leƙa akwati, ya juyo ya dubi Uba.

"Wane ne ya yi wannan aika-aika?"

"Ranka ya daɗe, laifina ne," in ji Uba, ya faɗi yadda aka yi bai rage komai ba.

Malam Idi ya karɓi fallen wani mahauci, duk ya sha maiƙo. Ya ce, "Tsire kake naɗewa da shi ko?"

"Haba, ranka ya daɗe! Karatu nake."

"To, karanta mu ji."

Mahauci ya ɗora yatsa, ya shiga jan baƙi a hankali, labarin wani ɓarawon akuya. Ana tsakiyar magana takarda ta ƙare. Uba ya rufe ido.

"Ci gaban yana wajena!"

Wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, ana ce mata Baturiya. Ta ratso maza, ta kwance bakin zane ta fito da nata, ta ɗora daga inda ya tsaya. Tana kaiwa ƙarshe wani maƙeri ya karɓe. Kafin ka ce me, mutane sun jera kansu, wannan na cewa wancan, "Matsa, ni ne bayanka." Malam Idi ya tsaya yana saurare har ya manta da hularsa da ta karkace.

Can, labari bai kai ƙarshe ba, ya ɗaga hannu. "Garuruwa huɗu na bi kafin nan. Littattafansu sabbi fil, gara ce kaɗai ke karanta su. Akwati yana nan, kuma wata mai zuwa zan aiko da wani." Ya juya wajen Malam Ɗahiru. "Amma Allah gafarta Malam, a taimaka a bar mana ɗinkin."

"Za a duba," in ji dattijon.

Wayyo, daɗi! Uba ya zauna daɓas a bakin ƙofa yana ta hamdala, hawaye na zuba yana dariya. Da ya sami kansa ya miƙa hannu zai karɓi fallen Baturiya, sai ta maƙe kafaɗa ta mayar bakin zane.

"Ɗan nan, ɗinkinka ya jira. Ban ji ko an kama ɓarawon ba."