Kejin Ƙarshe a Layin Taga

Ranar da za a rufe ɗakin gwajin, Baban Ɓeraye ne ya fara zuwa, kamar kullum. Shekara ashirin da shida yana sauya wa ɓeraye shimfiɗa a nan, har matarsa tana cewa ko wanka ya yi sau uku, warinsu ke riga shi sallama.

Yana jera kejunan da babu kowa ciki sai ga Dakta, wadda ta ɗauke shi aiki, ta shigo da sandarta. Ta daɗe da yin ritaya. Akwai maganar da ya riƙe mata shekara ashirin, kuma ya san in ba yau ba, sai dai a lahira.

A wancan zamanin asma suke bincike. Litinin da Alhamis yakan ɗiga wa ɓerayen ruwan ƙwarin ƙurar katifa a hanci. Rukuni uku ne: masu kaɗan, masu matsakaici, masu yawa. Bayan mako shida Dakta ta duba huhunsu, ta ga yadda hanyar iska ta kumbura. Lokacin fanka ɗaya gare su, rediyo ɗaya, kofin shayi ma karɓa-karɓa ake yi, amma bai taɓa jin daɗin aiki kamar lokacin ba.

Matsalar ita ce 'yarsa ta fari tana da asma. Ya san wannan shaƙar, ƙirji na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Da ya zo kan masu yawa, su goma sha biyu a kejin ƙarshe a layin taga, sai hannunsa ya ƙi. Ya riƙa sirka musu da ruwan gishiri, rabi da rabi. Sakamako ya fito a hargitse, shekarar Dakta guda ta bi ruwa.

"Ranki ya daɗe," ya ce, yana goge kejin da ya riga ya goge, "gwajin nan da ya lalace... ni ne. Na rage wa masu yawa."

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Nawa ka rage?"

"Rabi."

"Rabi! Wato ka mayar da su matsakaita." Sai dariya ta kama ta har da tari. "Kai, Baba! Shi ya sa huhunsu ya yi jawur. Da na sake gwajin da hannuna, masu yawan ne suka fi samun sauƙi. A namu dai, in abin ya yi wa jiki yawa sai ya saba, ya yi shiru. Matsakaicin ne bala'in."

Ya zauna kan kujerar da ƙafarta ɗaya ke rawa.

"To taimakon nawa..."

"Ka fid da su daga ruwa ka sa su a wuta."

"Kuma ba ki yi fushi ba?"

"Da ka faɗa a lokacin, da ka kwana a titi. Yanzu ina zan samo ƙarfin fushi? Gwiwa ma ta ƙi ni."

Ya ce ta yafe masa. Ta ce ita ta yafe, amma ɓeraye goma sha biyun can, sai ya nemi inda suke a lahira ya yi musu bayani da kansa. Sannan ta miƙa masa hannu ya taimaka mata ta sauka matakala.