Bargo a Cikin Piyano

A duk unguwar Anbariyya ta birnin Madina babu wanda zai rantse maka cewa akwai piyano a gidan Hajiya Rakiya, alhali kuwa yana nan tun kafin a haifi rabin yaran unguwar. Baƙi ne, dogo, jingine da bangon ɗakin ciki, an lulluɓe shi da zanen gado an ɗora masa kasko na turaren wuta. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka kabad ne. Daga Omdurman ta zo da shi. A can ta tashi a hannun goggonta, cikin zuriyar alhazan Kano da suka yada zango a Sudan, kuma a can wata 'yar Girka mai shagon ɗinki, wadda kowa ke kira Madam, ta koya mata kiɗan.

Ranar da kayanta suka iso Madina, mijinta Sa'id, Allah ya jiƙansa, ya daɗe tsaye yana kallon abin yana shafa gemu. Bai hana ba, don mutum ne mai sauƙin kai. Abu ɗaya ya roƙa, kada maƙwabta su ji. Garin Manzo ne, gida na jikin gida, shi kuma ɗan sahun gaba ne a masallaci. Sai Rakiya ta buɗe cikin piyanon, ta yanko bargo mai kauri, ta rataye shi tsakanin 'yan gudumomin da ke ciki da wayoyin da suke bugawa. Tun daga ranar, in ta danna maɓalli sai dai ka ji ɗif, ɗif, kamar ana daka a gida na uku. Da haka ta yi ta kiɗanta har kunnenta ya saba, ya ɗauka muryar piyano ke nan.

'Ya'yanta babu wanda ya kula. Sai a kan jikarta Suhaila aka dace, 'yar babban ɗanta Abdulmajid, yarinya mai dogayen yatsu da taurin kai irin na kakarta sak. Kullum bayan la'asar direba ya sauke ta daga gidansu na unguwar Al-Khalidiyya, ta tuɓe abaya ta haye kujera.

Koyarwar Hajiya kuwa ta Madam ce, ba ragi ba ƙari. Yatsu su lanƙwashe kamar an riƙe lemo. A ɗaga kowane yatsa sama, a sauke shi da ƙarfinsa shi kaɗai. Wuyan hannu kada ya kuskura ya motsa, gwiwar hannu kuma a manne da haƙarƙari. Madam kwabo take ɗorawa a bayan hannun ɗaliba, in ya faɗi a sake daga farko. Hajiya ƙwallon dabino take ɗorawa, wanda ya fi kwabo rashin mutunci, don shi mirginawa yake yi.

"Ɗaga yatsa na huɗun nan, malalaciya! Ban ji ba. Buga!"

"Ɗayyib, ya Sitti," in ji Suhaila, wato "To, Kaka," don ita ce wadda ke jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa, kamar duk sa'o'inta.

Ta kuwa buga. Tana bugawa har ta kai 'yar shekara goma sha biyar, shekarar da dish ya fara cika rufin gidaje. Sannan wuyan hannunta na dama ya soma ciwo. Da fari ta ɓoye, har sai da kofin shayi ya suɓuce mata a gaban uwarta.

Abdulmajid ya zo da kansa. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafar uwarsa, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya kai ga maganar.

"Inna, mun je mustashfa. Likita ya ce jijiya ce ta kumbura, ta huta tukuna. Ni dai na faɗa mata, in ta koma ciwon ya dawo, halas, an gama da piyano. Hannun yarinya ba abin wasa ba ne."

Hajiya ba ta kama sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai dai ka cika tsoro. Wa ya taɓa koyon abu bai sha wuya ba?" Amma gabanta ya faɗi. Yarinyar nan ita kaɗai ce ta karɓi abin da ta ɗauko tun daga Sudan, in aka raba ta da shi, shi ke nan ya mutu a ɗakin nan.

Da hannun ya lafa, Suhaila ta dawo da sabon zance. Wai a dish ta ga wani tsohon malami yana koyarwa, kuma ba haka yake yi ba. Wai piyanon mutanen da ƙarami ne, maɓallansa ba nauyi, yatsa kaɗai ya ishe shi. Da aka zo aka ƙara masa girma da ƙarfe, maɓallan suka yi nauyi, malamai suka ci gaba da koyar da tsohuwar hanya, hannayen ɗalibai suka yi ta lalacewa. Daga baya ne wasu suka gane a saki kafaɗa, a bar nauyin hannu duka ya sauka a kan maɓalli, yatsa ya tare shi kawai.

"Oho! Yanzu akwatin talabijin ne malaminki?" in ji Hajiya. "Wannan ai lalaci ne aka sa wa suna. To gwada mu gani."

Suhaila ta saki kafaɗa, ta bar hannun ya sauka a hankali. Piyano ya ce ɗif, can ƙasa-ƙasa, da ƙyar.

"Kin gani? Ba a ji komai ba."

Yarinyar ta juyo ta dube ta. Da Hausarta mai ɗingishi ta amsa, abin da ba ta saba ba. "Kaka, ai dama ba a taɓa jin komai ba."

Maganar ta zauna wa Hajiya a ƙirji. Bayan yarinyar ta tafi, ta ɗaga murfin piyanon ta tsaya tana kallon bargon. Madam ba ta da bargo. Ɗalibar Madam in ta taɓa kaɗan za ta ji sauti. Ita kuwa ta ɗaure wa yarinya hannu, ta hana shi motsi, sannan ta ce lallai sai yatsa ɗaya ya huda bargo ta ji. Ta dubi nata yatsun da suka daɗe suna yi mata tsami, waɗanda kullum take ɗora wa wanki da tsufa laifi. Kunya ta kama ta, ita kaɗai a ɗaki.

Cire bargon a Anbariyya bai taso ba, alkawari ta yi wa mamaci. Washegari ta sa aka kira mata Abdulmajid.

"Gonar dabinonka ta Jurf, ɗakin hutun nan yana nan? To ka zo da mota da ƙarti, a kai piyanon can."

"Inna, in ya sauka daga benen nan ba zai sake hawa ba fa. Ga gwiwarki, ba kullum za ki iya zuwa Jurf ba."

"Na sani. Gwiwar tawa ce ko taka?"

Ran Alhamis da hantsi aka sauko da shi a naɗe cikin darduma, ƙarti suna nishi suna salati. Wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana tambaya, Hajiya ta ce tsohon kaya ne za a kai gona, ba ta kuwa yi ƙarya ba.

A Jurf babu kowa sai dabinai da ƙarar injin ban ruwa daga nesa. Aka jingina piyanon da bango. Hajiya ta sa hannu ta zare bargon, ya fito duk asu ya cinye shi, ga sawun gudumomi a jere a jikinsa.

"Matsa, malama ce ke farawa," ta ce da jikarta.

Ta zauna, ta lanƙwashe yatsu, ta buga yadda ta saba. Wayyo! Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya. Tattabarun da ke kan rufi suka watse, Abdulmajid da ke bakin ƙofa ya zabura. Ta daure ta ci gaba kaɗan, amma kowane sauti fitowa yake a bushe, da faɗa, kamar ana sara itace. Ta janye hannunta ta ɗora a cinya. Ashe wannan ne kiɗan da take taƙama da shi.

"To, zo ki yi naki lalacin," ta ce, muryarta a sanyaye.

Suhaila ta zauna. Bugun farko ita ma ya razana ta, ta ɗauke hannu kamar ta taɓa murhu. Sai ta ja numfashi, ta saki kafaɗa, ta bar hannun ya sauka. Sautin ya fito a zagaye, ya tsaya a ɗakin yana lilo kafin ya ɓace. Hajiya ta manta sam cewa sauti yana daɗewa haka bayan an taɓa shi. Tafiyar mota ta ɗan karkatar da muryar wasu wayoyi, amma babu wanda ya damu. Yarinyar ta yi ta kaɗawa, waƙa bayan waƙa, duk waɗanda kakarta ta koya mata, har rana ta take tsaka, uban yana tsaye bai ko zauna ba.

Da ta tsaya, Hajiya ta kamo wuyan hannun, ta danna daidai inda ya kumbura a da.

"Da zafi?"

"La, ya Sitti."

"Da Hausa nake son ji."

"Babu zafi, Kaka. Wallahi babu."

Abdulmajid ya share ido da gefen gutrarsa, ƙyallen nan da Larabawa ke yafawa a ka, ya yi kamar ƙura ce. "Duk Alhamis zan riƙa kawo ta," ya ce. "In dai haka ne, ta ci gaba."

Daɗi ya cika Hajiya, baƙin ciki ma bai bar ta ba, don ta san yau za ta koma ɗakin da babu piyano, kuma ta san ɗalibarta ta wuce inda za ta iya raka ta.

"Sitti, to wa zai riƙa gyara min?"

"Kunnenki. Abin da na iya na gama ba ki, rabinsa ma zubarwa za ki yi." Ta jawo kujera ta zauna dab da piyanon, ta gyara mayafi. "Sake kaɗa min wancan na farkon. Na fi shekara talatin ina buga shi, yau dai ina so in ji shi."