Ɗauko Lungelo daga Kan Dutse

Mabutho ya sake tsayawa, karo na huɗu ke nan tun da suka fito daga kogon da suka kwana. Ya dafa gwiwoyinsa ya amayar da shayin safe a kan dusar ƙanƙara. MaZondo ta kau da kai. Amai ba baƙonta ba ne, ta wanke na 'ya'ya biyar, ta wanke na miji har ranar da ya cika. Abin da ya tayar mata da zuciya shi ne warin barasar da ya biyo shayin, da kuma reshen magaryar kura da mutumin ya yar a ƙasa, taku ɗaya daga ƙazantarsa.

"Ɗauke reshen nan daga wurin," ta ce.

"Bari in numfasa mana, matar Yaya."

"Numfasa da shi a hannu."

Shekara guda ke nan ba kwana tara da mutuwar ɗanta Lungelo a saman wannan dutse. Dako yake yi wa baƙi masu hawa, kamar yawancin mazan yankinsu na Mnweni. Jirgi mai saukar ungulu ya sauko da gawar, aka binne ta a bayan garke. Amma jirgi gawa kaɗai yake iya ɗaukowa. Wanda ya mutu a waje, kurwarsa tana nan inda ya faɗi har sai nasa sun je da reshe, sun kira shi, sun taho da shi gida. Aikin babban namijin gida ne, kuma tun rasuwar mijinta babu babba sai ƙanensa Mabutho. Da hunturu ya ce ƙanƙara ta rufe hanya. Da damina ya ce tsawa tana kashe mutane a sama. Da kaka ya ce ƙafarsa. Ita kuwa duk tsawon lokacin Lungelo yana zuwar mata a mafarki, tsaye a bakin ƙofa yana hura hannuwansa, ba ya shigowa. Da sanyi ya zagayo ta je ta tsaya a tsakar gidan Mabutho, ta ce yaron ba zai yi hunturu na biyu a waje ba, ko da rarrafe ne sai sun hau.

Mabutho ya samu wani dutse ya zauna, ya ɗaga kai ya dubi kwazazzabon da ya rage musu, fari fat, a miƙe kamar bango.

"Ni fa nan na tsaya," ya ce. "A kira shi daga nan. Kurwa ba kurma ba ce."

"Shekara guda ina kiransa daga gida, ya zo?"

"Ke mace ce, muryarki ba ta kai ba."

"Taka da ta kai, ga ta can a ƙasa tana tururi."

Dumisa, wanda yake ja musu gaba, ya juya baya don kada a ga dariyarsa. Ɗan dako ne mai furfura a gemu, kuma yana cikin tafiyar da Lungelo bai dawo ba. Shi kaɗai ya yarda ya nuna mata wurin.

MaZondo ta sunkuya ta ɗauki reshen, ta goge shi da gefen bargonta. Ƙaya ta kama mata yatsa, ba ta ji ba, hannun ya riga ya mutu da sanyi.

"Kai! Ajiye!" in ji Mabutho. "Ina aka taɓa yi? Kakanni za su ce gidanmu maza sun ƙare."

"Ai sun gani da idonsu. Koma kogo ka hura wuta. Kwalbar da ke cikin safarka ma ta ishe ka hira."

Suka bar shi yana mita. Dumisa yana sara wa ƙafa wuri da sandarsa, ita tana taka inda ya taka. Ta sa leda a kan safa kafin ta sa takalmin roba, duk da haka yatsunta sun zama kamar na wani. Dusar tana kai mata gwiwa, wani wuri cinya. Duk taku ashirin sai ta tsaya, ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

Shekara talatin da ɗaya tana kallon wannan dutse daga bakin ɗakin girkinta. In hunturu ya yi sai ya yi fari tas, ita kuwa a ranta ta ɗauka babu wuri mai tsabta kamarsa. Har ta riƙa rarrashin kanta da cewa ko ba komai yaron a wuri mai tsabta ya kwanta. Yanzu ga ta a ciki. Ga gwangwanin kifi, ga ledar biskit a maƙale a jikin ciyawa, ga safa ƙafa ɗaya ta daskare. Duk inda aka samu dutsen da zai kare mutum, dusar wurin ta zama ruwan ɗorawa.

"Baƙin ne masu wannan?" ta tambaya.

"Su da mu, Mama," in ji Dumisa. "Ba zan yi miki ƙarya ba."

Ba ta sake tambayarsa yadda abin ya faru ba, ta riga ta ji daga bakinsa. Ran nan sun fara saukowa, sama ta haɗe, sai wata baƙuwa ta ce ta mance jakar na'urar hotonta a ƙololuwa. Velaphi, shugaban tafiyar, ya ce Lungelo ya koma ya ɗauko, shi ne mai ƙafa. Lungelo ya ce a dubi sama. Velaphi ya ce in bai koma ba kada ya ƙara zuwa neman dako wurinsa. Ya koma. Bayan kwana biyu aka same shi da jakar a rungume.

Velaphin nan a bayanta ya yi barci yana jariri, lokacin da uwarsa take jinya. Bai zo jana'iza ba, akuya ya aiko. In ya hango ta a tashar mota sai ya shige bayan shago. Shekara guda tana tanadin maganar da za ta faɗa masa. Ta gyara ta a wurin wanki, ta gyara ta a gona, har ta san inda za ta ja numfashi.

Rana ta kusa tsaka suka fito daga kwazazzabon. Iska ta mare ta har sai da ta durƙusa. Can gaba kaɗan, a kan tulin duwatsun ƙololuwa, mutane ne kusan goma cikin riguna ja da shuɗi, suna ihu, suna ɗaga hannuwa, ɗaya yana fesa musu giya mai kumfa. Wata mata ta hango MaZondo cikin bargo da reshe a hannu, ta taho da gudu tana ɗaga waya, tana murmushi da dukan haƙoranta.

"Hoto take so da ke," in ji Dumisa.

"Ce mata ba rawa na zo ba. Ina wurin?"

Ya kai ta bayan ƙololuwar, inda wani falalen dutse ya yi rumfa, daidai tsugunon mutum ɗaya. Ya nuna da sanda, amma bai dubi wurin ba.

Warin ne ya fara isowa, duk da sanyin. Nan ne kaɗai iska ba ta shiga, don haka nan kowa yake zagawa. Kashi ne tuli-tuli, na jiya da na watan jiya, wani ya daskare, wani sabo yana tururi. Farar takarda ta manne a ko'ina, har a jikin rumfar.

"Nan?" ta ce.

"Nan, Mama. Kansa ta can, ƙafafunsa ta nan."

"Sun sani?"

"'Yan dako sun sani."

Ta zaci kuka za ta yi in ta iso, ta ma taho da tsumma dominsa. Kukan bai zo ba, sai yawu da ya cika mata baki. Ta tofar. Ta miƙa wa Dumisa reshen, ta nemi wani faffaɗan dutse, ta durƙusa ta fara kankarewa. Ya ce ta bari shi ya yi. Ta ce wanda ta haifa ne, ba yau ta fara share ƙarƙashinsa ba. Ta kwashe ta watsar gangare, ta ɗebo sabuwar dusa ta goge dutsen, ta goge hannuwanta har suka yi ja.

"Kin san sharaɗin," in ji Dumisa da ya mayar mata da reshen. "Daga kin kira shi, babu magana da kowa sai shi, babu waiwaye, har ki shiga garke. In kika amsa wa wani, nan zai sauka, kuma ba lalle ya sake yarda ya biyo ki ba."

"Na sani. Ƙafafun nan ma ba za su sake hawowa ba."

Ta shimfiɗa reshen a inda kansa ya kwanta, ta ja shi a hankali har inda ƙafafunsa suka tsaya.

"Lungelo, ɗan gidan Hlongwane. Ni ce, uwarka. Baffanka ya gaza a hanya, kada ka tsaya jiransa. Tashi, ɗana, wurin nan ba wurin zama ba ne. Tashi mu tafi gida."

Ta rungume reshen a cikin bargo ta miƙe. Ko nauyi ya ƙaru ko gajiya ce, ba ta sani ba.

Sun zagayo za su kama hanya sai ga mutum a bakin kwazazzabon, inda dole ta nan za a bi. Ya cire tabarau da hular ulu. Velaphi ne, ashe shi ya kawo masu jajayen rigunan. Ya dubi bargonta, ya ga ganyen da ya leƙo, sannan ya dubi bakinta. Da idonta ta ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka sauke wa kaya.

"Mama MaZondo," ya ce da murya mai taushi. "Sannu da hanya. Na daɗe ina son mu zauna."

"Velaphi, kauce," in ji Dumisa. "Kana ganin abin da ta riƙe."

"Ai ba sai ta amsa ba, ji kawai za ta yi." Ya matso, ya haɗa hannuwa. "Mama, mutane suna ta faɗin abin da ba su sani ba. Ni ban aike shi ba. Na ce masa kada ya koma, shi ya nace, yana hangen abin da baƙuwar za ta ba shi. Kin san yaran yanzu da son abin hannu. Dumisa yana can gaba, bai ji komai ba. Na faɗa miki a gaban shaida, kuma ga shi ba ki musa ba. Shi ke nan, magana ta wuce tsakaninmu."

Maganar shekara guda ta taso mata har maƙogwaro, da farkonta da ƙarshenta. Wato da ya ga bakinta a ɗaure ne ya sami ƙarfin tsayawa gabanta. Ta dubi fuskar nan da ta taɓa share wa majina, ta ji abin da ta ji a ƙarƙashin rumfar dutse. Leɓunanta suka buɗe. Dumisa ya ce, "Mama," a hankali.

Ta sunkuyar da kai cikin bargo.

"Lungelo, ka dai ji da kunnenka," ta ce. "Ni ba na wurin, kai kana wurin. Ba zan ce komai ba. Mu je gida tukuna, ka ji ɗumi, a yanka maka akuya ka ci. In ka huta, ka san gidan su Velaphi, mai shuɗin kwano bayan rafi. Ya yi sabon ɗaki ta gabas, a nan yake kwana yanzu."

"Mama!" Muryar Velaphi ta tsinke. "Mama, kada ki yi haka. Tsaya, ba haka nake nufi ba. Zan zo gida, zan faɗa a gaban kowa. Mama, dube ni mana!"

Ta raɓa ta gefensa, ta tattare bargonta don kada ya taɓa shi. Yana ta kira a bayanta, baƙinsa sun yi cirko-cirko da wayoyi a hannu. Ta sa ƙafa a sawun Dumisa na farko.

"Gangara za mu yi yanzu, ɗana," ta ce. "Akwai santsi. Riƙe ni."