Yatsu Huɗu

Ranar Laraba takarda ta iso: an naɗa Zakariya'u direktan lakwal, wato shugaban makaranta, a garin Guna, zai kama aiki Litinin. Matarsa Barira ta rangaɗa guɗa har akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Kafin magariba ta gama shawara. Rigunan shamis uku za ta ɗinka masa, masu kwala da maɓallai, irin na manyan ma'aikata, kuma ba zai sani ba sai ya gan su a kan gado.

Sai dai shekara goma sha huɗu yana koyarwa, kaftani yake sawa. Babu shamis ko ɗaya a akwatinsa da za a kai wa tela gwaji. Shi kuwa kaftani ba ya faɗin gaskiyar ciki.

Alhamis da rana ya ci shinkafa da wake, ya miƙe a tabarma, ya fara minshari. Barira ta ɗauko zare kala huɗu, ta lallaɓa. Ja na wuya, fari na kafaɗa, baƙi na hannu, kowanne ta ƙulla inda ya tsaya. Shuɗi na ciki ne, sai da ta tura shi ta ƙarƙashin bayansa da tsinken tsintsiya. Dariya ta taso mata, ta ciji gefen zaninta har ta gama. Ta gudu madafa ta yi ta ƙyalƙyalawa ita kaɗai.

Da safiyar Juma'a ta hau kabu-kabu daga Kara-Kara zuwa Zango, yadi a hammata, zare a jaka.

Tela na farko ya ce zai zuba surfani a ƙirjin rigar har ƙasa.

"Direkta ne fa, ba maroƙi ba," in ji ta, ta wuce.

Na biyu Muntari ne, Bakano, shagonsa da gilashi da kekuna uku. Ya ɗora zarurrukan a kan metir ɗin awo, ya rubuta.

"Hajiya, gobe war haka ki aiko a karɓa."

Har ta miƙa yadin, sai ta janye. Mutumin ko shekarun mai rigar bai tambaya ba.

A ƙarshen layin akwai Lawali, dattijo mai keken ɗinki guda na ƙafa, metir rataye a wuya. Ya shimfiɗa zarurrukan a tebur, ya daɗe yana kallon jan, yana kallon shuɗin.

"'Yata, mutum biyu kika auna?"

"Ɗaya ne, Baba. Guda ma ya ishe ni."

"Wannan wuya da wannan ciki ba gidansu ɗaya ba. Wuyan ya ci ya ƙoshi, cikin na ɗan sakandare ne. A tsaye kika auna shi?"

"Barci yake yi."

"Yana minshari?"

"Kamar injin niƙa."

"Da kika zo ciki fa?"

Barira ta yi tunani. Ta tuna. Da zaren ya zagaya cibiya, ɗakin ya yi tsit.

"Idonsa biyu," in ji Lawali. "Ya haɗiye tumbin ne. Shekara arba'in ina aunon maza. Ko ni na zagaya su da metir sai sun ɗauke numfashi, balle uwargida."

Ta zauna a bencin shagon tana dariya har da hawaye. Wato duk lallaɓawar nan, da tsinken tsintsiya, yana jin ta.

"To yanzu yaya, Baba? Litinin ce fa."

Ya jera yatsunsa a bayan ƙullin shuɗin zaren.

"Huɗu zan ƙara. Uku na abin da ya ɓoye, ɗaya na direkta. Kujerar nan tana sa ƙiba."

Ta ajiye masa yadin.

Litinin da asuba Zakariya'u ya fito daga wanka ya tarar da su a kan gado: fara, shuɗiya, da mai ratsi. Ya dafa ƙirji, ya zaro ido.

"Barira, wannan fa? Ina kika samu awona?"

"Mafarki na yi, Baban Sakina. Sa mu gani."

Ya zura farar. Wuya daidai, hannu daidai. Da ya zo maɓalli na huɗu sai ya miƙe ƙyam, ya ja numfashi, ya riƙe. Ya ɓalla sauran da sauri, ya tsaya gaban madubi, fuska ta fara kumbura.

Barira ta jingina da ƙofa ta bar shi ya ɗan sha wuya.

"Saki, ranka ya daɗe. An bar maka wuri."

Ya harare ta ta cikin madubi. Sannan ya saki, a hankali, yana jiran ƙarar maɓalli. Tumbin ya sauko ya zauna a mazauninsa. Babu abin da ya tsinke.

"Wane tela ne wannan?" ya tambaya.

"Ba ka san shi ba. Shi ya san ka."