Rantsuwar Yaya Mitwalli

Likitan ya dube ni daga sama har ƙasa, ya sake duban sakamakon gwajin, ya ce jinina da na Yaya Mitwalli sun dace, ƙodata za ta zauna masa daram. Sannan ya ce amma ba zai taɓa ni da wuƙa ba sai na sauke kilo goma sha biyar. Wai da wannan jikin in ya cire mini ƙoda ɗaya, ni ce zan dawo masa a kan gado nan gaba. Ya ƙara da cewa kada in ɓata lokaci, zuciyar Yaya ba za ta jira mu har abada ba. Na ce to. Ban ji haushi ba, ban ji tsoro ba. Tun ranar da aka fara kai Yaya wankin ƙoda wani abu ya daskare mini a ƙirji, abin da aka ce in yi kawai nake yi.

Ni ce autarmu. Ina rarrafe babanmu ya rasu, Yaya ne ya raine ni da gonar auduga da ɓauna ɗaya. Da hannunsa yake tura mini gurasa da man shanu a baki, yana cewa kada mutanen ƙauye su ce marainiya ta rame a gidansa. Ban kuwa rame ba. A wajenmu in mace ta cika ta yi ɓul-ɓul ana ce mata agwagwa, yabo ne, kuma shekara arba'in ina amsa wannan sunan da fara'a. Ga shi sana'ata ɗinki, daga kan keke sai kan tabarma.

Ma'aikaciyar asibitin ta ce kada in sha ƙwayar rage ƙiba ko ɗaya, ƙodar nan ta wani ce yanzu. Sai na koma abincin talauci da gangan. Da safe dafaffen wake da lemun tsami, babu mai, da rabin gurasa. Da rana ganye da kokwamba da tumatir, in an samu kifi a gasa. Shayin da nake zuba wa sukari har cokali ya kusa tsayawa na sake shi, na koma zoɓo tsagwaronsa mai tsinka haƙori. Bayan sallar asuba in bi bakin rafin da ke shayar da gonaki, in yi ta tafiya har cinyoyina su saɓule.

Matan da ke wanke tukwane a bakin ruwa suka samu abin yi.

"Ni'imat, wa ya biyo ki?"

"Ko dai mijinki Sobhi ne ya hango wata siririya a birnin Zagazig?"

"Ki tafi a hankali, 'yar'uwa, kada ki zubar mana da gadar."

Da can da na tsaya na wanke su tas, don bakina ba ya kwana da magana. Yanzu sai in ɗaga musu hannu in wuce. Sobhi mijina ma ya gwada tasa tsokanar, ya ce shi agwagwa ya aura, in na koma zalɓe zai je ya karɓi sadakinsa. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya bari, ya riƙa sayo mini gwaiba in zai dawo daga tasha.

Sikelin kemis ya fara sauka. Matsalar ita ce Juma'a.

Kowace Juma'a bayan masallaci a gidan Yaya muke ci, tun ina amarya. Juma'ar farko na je da kokwambata a jaka. Awatif, matar Yaya, ta shigo da tire, ga fatir, gurasar nan mai ninki-ninki, yana nason man shanu, ga zumar rake, ga tattabaru cike da shinkafa, ga miyar lalo tafarnuwa na tashi. Yaya na jingine a kusurwa, ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta yi toka-toka. Shi an hana shi kusan komai, ruwa ma da ƙaramin kofi ake auna masa.

"Auta, matso."

"Na ƙoshi, Yaya. Ka san abin da likita ya ce."

"Likita ne ya raine ki?"

"A'a."

"To matso. A gidana za ki zauna kina gurgurar kokwamba kamar zomo? Awatif ta saku in ba ki cinye tattabarar nan da fatir ɗin gabanki ba."

Wannan rantsuwa ba baƙuwa ba ce a garinmu. Mazanmu da ita suke tsare baƙo ya ƙara loma, da ita suke hana aboki biyan kuɗin mota, wani ko a kan ƙwallo sai ya rantse da igiyar aurensa. Amma ba wanda ke bari ta faɗi. Kana ci ne kawai, don ba ka so a ce a kan cikinka aure ya mutu. Kuma ta Yaya ta taɓa faɗi sau ɗaya, shekarun baya, lokacin da wani dillalin auduga ya ƙi shan shayi ya yi tafiyarsa. Sai da Awatif ta yi kwanaki a gidansu kafin ya yi mata kome. Igiya biyu suka rage mata, kowa ya sani.

Na ci. Na cinye tas, na siɗe zumar, Yaya na kallon kowace loma har ta wuce maƙogwarona. Na ɗauka kwaɗayin mara lafiya ne, yana ci da idonsa.

Daga nan ya daina jiran Juma'a. A tsakiyar mako sai a ce Yaya na kira, jikin ya motsa. In saki ɗinki in ruga, in tarar da shi zaune ga agwagwa an soya, ko shinkafa da madara mai kauri. Ya rantse, in ci. Abin da na zubar a bakin rafi cikin kwanaki, in mayar da shi a zama ɗaya. Hunturu ya shigo ya fita, aka shuka alkama ta yi kai, sikelin kemis na hawa yana sauka a wuri guda. Mai kemis ɗin ma ya daina tambayata.

Na je wajen limaminmu. Ya ce in mutum ya yi irin wannan rantsuwa don matsa wa wani kawai, ba saki a ransa, kaffara zai yi, aure na nan. Na kai wa Yaya wannan magana da ɗan ƙarfina.

"Ki koma ki gaya wa liman ni da niyya nake faɗa," in ji shi. "Ba wasa a bakina."

A ranar na gane, kuma na yi mamakin daɗewar da na yi ban gane ba. Ba kara ba ce, ba kwaɗayi ba ne. Yaya ba ya son ƙodar. Bai taɓa cewa a'a a gaban likita ba, don ba ya so a ce ya raina kyauta. Ya zauna ne yana ɗura mini abinci don kada in kai nauyin da likita ke so. Na so in yi fushi, na laluba ban samu ba. Na zauna na ci abin da aka ajiye, na koma gida na ƙarasa rigar wata amarya.

Awatif ba mai magana ba ce. Ita ke raka shi asibiti, ita ke zama a bakin gadon tana kallon jininsa na zagaya na'ura, ita ke dawowa ta soya abin da ya ce a soya. Wata Juma'a, ana tsakiyar girbin alkama, ta shigo da tire kamar kullum ta ajiye. Na lura ba ta zauna ba.

"Auta, matso," in ji Yaya.

"Yaya, don Allah."

"Awatif ta saku in ba ki..."

Bai ƙarasa ba ta sunkuya ta ɗauke tiren daga gabana.

"Ƙarasa, Hajji," ta ce. "Ƙarasa mana. Ba za ta ci ba."

"Ke, ajiye tiren nan."

"Ba zan ajiye ba. Wata nawa kana sa ni ina soya takabata da hannuna? Ni ce mai dafawa, ni ce abin rantsuwa, ni ce kuma zan sa baƙin kaya. To na gaji. Gara ka sake ni kana numfashi."

"Awatif, kin san ba na mayar da magana."

"Na sani. Shekara talatin ina sani."

Ya juyo gare ni. Idanunsa sun yi ja.

"Auta, ban raine ki don a kwantar da ke a yanka ba. Kina da 'ya'ya mata uku. In wani abu ya same ki a kan teburin nan, me zan ce wa Baba? Karɓi tiren ki ci. In ba ki ci ba ta saku."

Sobhi ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Na dubi Awatif, ta girgiza mini kai. Na sa hannu a jaka na ciro kokwambata, na gatsa. Ƙarar ta cika ɗakin. Awatif ta ce, "Shi ke nan," ta fita da tiren, muka ji tana kiran maƙwabta su zo su kwashe.

Ba ta tafi gidansu ba. Ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baya tana idda, tana auna masa ruwa, tana ba shi magani a kan lokaci, tana raka shi asibiti, ba ta ce masa komai sai abin da ya zama dole. Shi kuma ya ce ba zai yi kome ba sai na zo na ci abinci a gabansa. Bai sake rantsuwa ba dai, don igiya ɗaya ce ta rage, kuma ko shi ya san iyakarsa. Ƙauye ya ɗauka. Wasu suka ce ni na kashe auren yayana saboda son a ce na yi siriri. Wata tsohuwa ta tare ni a hanya ta ce in ji tsoron Allah, loma nawa ce. Na ce mata to.

Na ci gaba da wakena da ganyena. Na ƙara tafiya, har ina wuce maƙabarta in kai injin ban-ruwa in dawo. Gwiwoyina suka daina ciwo, na daina haki, barci ya daidaita. Na rage rigunana a kan keke, na sake ragewa. Matan bakin rafi suka daina tsokana suka koma tambaya, wai mene ne sirrin, wai in faɗa musu me nake sha. In ce wake ne da tafiya, su ce rowa nake. Jikina bai taɓa yi mini daɗi haka ba, kuma ban ji daɗin komai ba.

Iddar Awatif na gab da cika sikelin ya nuna abin da likita ke so. Na je na gaya wa Yaya daga bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallona.

"Kin lalace," ya ce.

"Jibi za mu je."

"To, mu je."

Sauƙin da ya amsa ya kamata ya faɗar mini da gaba. Muka shiga birni mu uku. Aka auna ni, likita ya ce madalla, ya ce da kowa zai yi kamar ni da ya huta. Aka shiga da Yaya gwajin zuciya, muka zauna a benci ni da Awatif. Da aka kira mu likitan bai dubi fuskar kowa ba. Ya ce zuciyar ta kumbura, ta yi rauni, ba za ta ɗauki aikin ba. Ya ce da lokacin sanyi ne da ya yi. Yanzu in ya kwantar da shi ba zai tashi ba, kuma ba zai cire ƙodar mai lafiya a banza ba. Za a ci gaba da wankin, iya abin da Allah ya nufa.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya. Ya miƙa wa likita hannu, har da tambayarsa iyali.

A tasha muka samu ƙaramar bas ta garinmu, da muka shiga saura mutum biyu ta cika. Yaya ya zauna jikin taga, Awatif a tsakiya, ni a gefe. Rabon da in ga fuskarsa a sake haka tun kafin ciwon. Ya gaisa da direba, ya tambayi wani manomi farashin taki. Can ya juya, ya yi magana a gaban mutane, da muryar da yake kiran ɓaunarsa.

"Awatif, na mayar da ke. Ku shaida, jama'a."

Wata mata a baya ta rangaɗa guɗa, aka yi dariya, ana barka. Awatif ba ta juya ba. Gaba take kallo, hannuwanta a kan jakar magungunansa.

Yaya ya leƙa ta taga ya kira mai gasa dankali a kura. Ya zaɓi babba, wanda ya tsage zaƙinsa ya ƙone a baya, aka naɗe a takarda. Ya miƙo mini ta gaban Awatif.

"Ungo, Auta. Yanzu ba wanda zai hana ki."

Na karɓa. Motar ta tashi. Zafinsa ya ratsa takardar yana ƙona mini tafin hannu, ban sauya hannu ba. Gonaki suka yi ta wucewa, aka sauke mutane aka ɗauki wasu. Kafin mu kai gadar garinmu Yaya ya yi barci, kansa a kafaɗar Awatif, bakinsa a buɗe. Dankalin ya huce a hannuna.